Almarun zamani: me za a karanta, kuma wa zai tattara namu?

Wata malama da ke koyar da Hausa a makarantar sakandare ta ce ɗalibanta ba sa rabuwa da kawo mata labarai irin na 'yan shafi mulera, da lambar wayar da in an amsa sai jini ya ɓalle wa mutum ya mutu, da matar da direba ya rage wa hanya cikin dare sai ya neme ta ya rasa. Tana son sanin littattafan da za ta karanta a kan irin waɗannan labarai, da kuma ko wanda ba ya cikin jami'a yana da gudummawar da zai bayar.

Malama, littattafai akwai su, wasu ma masu kyau ƙwarai. Sai dai ki sani tun yanzu, kusan dukkansu da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, kuma mafi yawansu labaran wasu mutane ne a wasu garuruwa. Abin da za ki samu a cikinsu shi ne yadda ake sauraro da yadda ake tambaya. Namu labaran kuwa, waɗanda ake yi a tasha da majalisa da gidan biki, kaɗan ne suka shiga takarda da kalmomin masu ba da su. Shi ya sa rabin tambayarki na biyu ya fi na farko nauyi a wurina.

Ɗalibai kan haɗa irin wannan labari da tatsuniya, to ki fara raba musu su. Wadda ta ce "ga ta nan ga ta nanku" ta riga ta gaya wa kowa ƙirƙira ce za ta yi, in ta gama ta ce ƙurunƙus, yara su je su kwanta. Ba a taɓa dukan wani a kasuwa saboda abin da Gizo ya yi wa Ƙoƙi ba. Almarar zamani kuwa da "wallahi" take farawa. Tana zuwa da sunan unguwa da sunan titi, wani lokaci har da ranar da abin ya faru, kuma wanda abin ya sama kullum yana kusa amma ba a riskarsa: ƙanin matar maƙwabci ne, ko abokin aikin yayan wani. In kika bi sawu har kika isa wurin ƙanin matar maƙwabcin, zai ce ai ba shi ba ne, wani abokinsa ne. Marubucin nan ɗan Ingila Rodney Dale ne ya raɗa wa wannan mai shaida suna "abokin aboki" a 1978, kuma masu nazari har yau da shi suke amfani.

Littafin da kowa ke farawa da shi shi ne The Vanishing Hitchhiker na Jan Harold Brunvand, wanda ya koyar a Jami'ar Utah ta Amurka, littafin kuwa ya fito a 1981. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma taken littafin daga labarin da ɗalibanki suka kawo miki aka ɗauko shi: budurwa a bakin titi cikin dare, mai mota ya ɗauke ta, kafin a iso gidan da ta kwatanta ta ɓace, ya ƙwanƙwasa ƙofa aka ce masa ai ta shekara da rasuwa. Tun a farkon shekarun 1940 wasu masu bincike biyu a Kalifoniya, Richard Beardsley da Rosalie Hankey, suka tara nau'i 79 na wannan labari ɗaya. Darasin farko ke nan: labari guda ba ya gaya miki komai sai kin jera shi da 'yan'uwansa, ki ga abin da ya tsaya cak da abin da yake sauyawa daga gari zuwa gari. Brunvand ya biyo baya da wasu littattafan, har da kundin Encyclopedia of Urban Legends a 2001, wanda ya fi dacewa da dubawa lokaci lokaci fiye da karantawa daga farko zuwa ƙarshe. Abin da nake so ki lura da shi shi ne inda ya samo kayan aikinsa. Bayan littafin farko mutane suka dinga aiko masa da wasiƙu, wannan ya ce a garinmu haka ake faɗa, wancan ya yanko masa shafin jarida. Daga baya ya riƙa rubuta shafi a jaridu, wasiƙun suka ƙaru. Mafi yawan abin da ke cikin littattafansa na baya, masu karatu ne suka kawo.

Raunin Brunvand a wurina shi ne ya fi ƙwarewa a tarawa da kwatantawa fiye da tono dalili, kuma yawancin labaransa na mutanen da ba abin da zai same su ne in sun gaskata, sai ɗan tsoro. A nan wajenmu almara takan kai ga zub da jini. Saboda haka da kin gama shi ki tsallako Afirka.

Ki nemi The Sex Thieves na Julien Bonhomme, Bafaranshe masanin halayyar al'umma. Da Faransanci ya fara fitowa a 2009, fassarar Turanci a 2016, kuma ana samunsa kyauta a intanet. In littafi ɗaya kawai za ki iya karantawa, wannan za ki karanta, domin a kan shafi mulera yake daga farko har ƙarshe, kuma mu Hausawa muna cikinsa. Ya bi sawun labarin tun daga Najeriya a shekarun 1970, ya nuna yadda ya yi ta ɓulla yana lafawa a ƙasashe wajen 20: Legas a 1990, Gana a farkon 1997 inda aka kashe mutane da duka, Hartum a 2003. Ɗaya daga cikin shaidu mafi daɗewa a rubuce ma daga Kaduna ya fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Sunday Ilechukwu, ya ba da labarin cewa a 1975 ɗan sanda ya shigo masa ofis da mutum biyu, ɗaya yana zargin ɗaya da ɗauke masa gaba. Likita ya duba mai ƙorafin, shi kuwa idonsa na kallon gaba, bai ko sunkuya ba. Da aka ce masa lafiyarsa ƙalau, sai a lokacin ya dubi jikinsa, ya yi kururuwa cewa yanzu ne aka mayar masa. Ki riƙe wannan hoton, don duk wanda ya taɓa ganin irin wannan taro a kasuwa ya san haka abin yake ƙarewa: ko a ce an mayar, ko a ce an mayar amma ba kamar da ba. Mai ƙorafin sau da yawa ba ƙarya yake shiryawa ba, firgita ce ta gaske ta kama shi.

Abin da Bonhomme ya gano shi ne wannan labari ba ya faruwa tsakanin mutanen da suka san juna. Maita a ƙauye ɗan'uwa ko maƙwabci ake zargi da ita. Shafi mulera kuwa kullum baƙo ne, a tasha ko kasuwa ko cikin motar haya, wanda ya miƙo hannu a gaisa, ko ya tambayi hanya, ko ya goge ka a cunkoso. Wato almarar tana ɗauke da wata damuwa ta zaman birni: an rene mu a kan cewa ƙin karɓar hannun mai sallama rashin tarbiyya ne, ga shi kuma muna cuɗanya da ɗaruruwan fuskokin da ba mu sani ba a yini guda. Kuma ya nuna cewa a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda aka fi nunawa da yatsa Bahaushe ne, ɗan kasuwa ko mai tallan magani, saboda shi ne baƙon da aka fi gani da shigar da ta bambanta. Yana da kyau ɗalibanki su san wannan. Labarin da suke bayarwa a kan baƙo a garinsu, shi ake bayarwa a kan kawunsu da ya tafi fatauci wata ƙasa.

Na biyu shi ne Speaking with Vampires na Luise White, 2000, shi ma ana samunsa a intanet. Ya fi wuyar karatu, amma ya cancanci wahalar. A Kenya da Tanganyika (Tanzaniya ta yau) da Uganda zamanin mulkin mallaka, mutane sun yi ta cewa 'yan kwana-kwana suna kama mutane cikin dare su zuƙe musu jini su kai wa Turawa, kuma jar motar tasu ma shaida ce. A ƙasar da yanzu ake kira Zambiya wasu ma'aikatan gwamnati da limaman mishan aka ɗora wa. White ba ta ɓata lokaci wajen tabbatar da cewa ba a yi haka ba. Ta ɗauki labaran a matsayin tarihi: me mutum yake faɗa game da aikin albashi, da asibitin Bature, da allura da ɗibar jini ba tare da bayani ba, sa'ad da ya ce ana shan jininsa? Wanda ya karanta wannan littafi zai saurari labaranmu na 'yan shan jini da 'yan yankan kai da wani kunne dabam.

A ƙasar Hausa kanta, aikin da na fi so shi ne na Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi ta Nijar. Tana da maƙala ta 2002 mai suna Road Mythographies, a kan labaran iskokin da ake cewa suna tare matafiya a babban titin da ya ratsa kudancin Nijar. Ta haɗa su da tunawa da aikin tilas da aka sa kakanni lokacin da Faransawa ke gina hanya, da yadda titi ya ratsa wuraren da a da ake girmamawa a matsayin mazaunin iskoki, da yawan haɗarin mota. A nan za ki ga bambancin da Brunvand ba zai nuna miki ba. A Amurka budurwar bakin titi fatalwa ce mai neman komawa gida, abin tausayi. A tasharmu kuwa yadda ake faɗa, direba ya tsaya wa mace kyakkyawa, ƙamshin turarenta ya cika mota, ya sunkuya zai sa giya sai idonsa ya kai ƙafarta, ya ga kofato. Tamu ba ta neman gida, shi direban take nema, kuma a ƙarƙashin labarin akwai gargaɗi ga namijin da ke tsaya wa matar da ba muharramarsa ba cikin dare.

Sai batun da ya fi kowanne ciwo, wato rigakafin shan inna. A 2003 an dakatar da allurar a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa an sa mata abin hana haihuwa, ba a dawo da ita a Kano ba sai a watan Yuli 2004, cutar kuwa ta samu damar yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma yara sun shanye saboda shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda ya tsallake 1996 ba zai fahimci 2003 ba. Elisha Renne ta yi bincike a Zariya ta rubuta The Politics of Polio in Northern Nigeria a 2010, inda za ki ji iyaye suna tambayar da ba a ba su amsarta ba: me ya sa ake bin mu gida gida da wannan kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai mun sayi magani? Ki haɗa shi da I Heard It Through the Grapevine na Patricia Turner, 1993, a kan baƙaƙen fatar Amurka da suka yi ta cewa wani gidan sayar da soyayyar kaza yana zuba abin da ke kashe wa mazansu haihuwa. Su ma suna da nasu tabon, gwajin Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen maza da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ƙare da su. Littattafan nan biyu magana ɗaya suke yi.

Littattafan ƙa'idojin nazarin ji-ta-ji-ta kuwa, ba sai kin daɗe a kansu ba. Gordon Allport da Leo Postman a 1947 sun nuna yadda labari ke gajercewa in yana yawo, wasu sassa su zube, wasu su ƙara kaifi, sauran su karkata zuwa abin da mai faɗa ya riga ya yarda da shi. Tamotsu Shibutani a 1966 ya ce ji-ta-ji-ta labarai ne da jama'a ke haɗa wa kansu sa'ad da hukuma ta yi shiru ko aka daina yarda da ita. In kina jin Faransanci, akwai binciken Edgar Morin a kan abin da ya faru a garin Orleyan na Faransa a 1969, da aka ce ana sace 'yan mata a ɗakin gwada tufafi na shagunan Yahudawa, alhali ba yarinya ko ɗaya da aka kai rahoton ɓatanta.

Kada kuma ki ɗauka sai an je Turai ake samun ma'auni. Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, ta buɗe ne da dalilan da ke sa ƙarya shiga labari: son ɓangare, da amincewa da mai ruwaya ba bincike, da neman kusanci ga masu mulki, da jahiltar yadda al'amuran duniya ke gudana. Ya ɗauki maganar masu tarihi cewa mayaƙan Bani Isra'ila zamanin Annabi Musa sun kai 600,000, ya auna ta da faɗin ƙasar da yawan zuriyar da ke tsakani da girman rundunar Farisa, ya ce ba za ta yiwu ba. Malaman hadisi kuwa su suka koya mana tambayar da ta fi kowace amfani a wannan fanni: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa? Misali mai kyau da za ki kai aji shi ne takardar nan ta wasiyyar Shehu Ahmadu, wanda aka ce mai hidimar Masallacin Annabi ne ya yi mafarki, wai wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi zai ga masifa. Ta haura shekara 100 tana yawo a ƙasashen Musulmi, malamai irin su Shaikh Ibn Baz sun yi rubutu sun ƙaryata ta, amma ta tashi daga rubutun hannu ta koma takardar da ake rabawa a ƙofar masallacin Juma'a, yanzu tana WhatsApp. In yara suka samo kwafi uku ko huɗu suka jera, da kansu za su ga adadi da kalmomi suna sauyawa. Wannan kuma zai warware miki wata matsala da za ta taso a aji. Wani yaro zai ce, Malama, kina nufin babu aljanu? Ki ce masa samuwar aljanu tana cikin Alƙur'ani, ba ita ake bincike ba. Abin da ake tambaya shi ne ko wannan abu ya faru da wannan mutum a wannan titi, kuma ta bakin wa ya iso mana.

Yanzu gudummawa. Duk abin da muke da shi na tsofaffin labaran Hausa a rubuce, mutanen gari ne suka bayar, ko da yake sunan wani ne a bango. Magana Hausa da J. F. Schön ya buga a 1885, babban kasonsa daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila. Littafin R. S. Rattray na 1913, wani Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Kundi uku na Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, da suka fito tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuto su da ajami, musamman daga wajen Sakkwato, kuma ba tatsuniyoyi kaɗai ke ciki ba, akwai labaran da aka bayar a matsayin gaskiya. Duk mai son sanin tushen almarunmu na yau sai ya leƙa can. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da wasu malamanmu sun tattara tatsuniyoyi da wasanni da labarun gargajiya, Allah ya saka musu. Amma labarin da aka yi jiya a cikin a daidaita sahu, an fi ɗaukarsa shirme, ba a ga dalilin rubuta shi ba, sai ya wuce. Bonhomme da kansa da rahotannin jaridu ya fi dogara, kuma jarida sai an yi duka ko kisa take kawo labari. Abin da aka faɗa a zaure kafin a kai ga duka, babu shi.

Akwai abin koyi da ya dace da ke daidai. A ƙasar Ailan, daga 1937 zuwa 1939, hukumar tattara al'adu ta haɗa kai da makarantun firamare wajen 5,000. Yara sama da 50,000 suka koma gida suka tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, suka rubuta a littafin aikinsu, tare da sunan wanda ya faɗa da shekarunsa da garinsu. Aka tara shafi kusan 740,000. Yau suna intanet, kuma masu sa kai ne suka yi ta kwafe rubutun hannun yaran zuwa na'ura. Malaman makaranta ne ƙashin bayan aikin. A Amurka ma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata jaridar Boston ta buɗe shafi a 1942 inda jama'a ke aiko da ji-ta-ji-tar da suka ji, kuma da Robert Knapp ya rarraba sama da 1,000 da aka tara daga sassan ƙasar, ya tarar kusan kashi biyu cikin uku masu raba kan jama'a ne, masu ɗora laifi a kan wata ƙabila ko wani rukuni. Ba wanda zai san haka in ba a tara ba.

To yaya ake tarawa har ya yi amfani? Labarin da aka kawo ba rana, ba wuri, ba mai faɗa, kamar hatsi ne da aka zuba a buhu ba a san gonar da ya fito ba, za a ci amma ba za a yi iri da shi ba. Kowane labari ya zo da ranar da aka ji shi, da wurin, da ko su wa ke zaune, da abin da ake magana a kai kafin ya taso. A rubuta shekarun mai faɗa da sana'arsa, da inda ya ce ya ji, da wanda ya ce abin ya sama. Sannan a rubuta shi yadda ya fito daga baki. Wannan shi ne inda ɗalibai za su fi ba ki wahala, domin an koya musu gyara Hausa. In Basakkwace ya faɗa da harshensa a bar shi haka, in an ce "wai" sau goma a bar goman, in ya rantse a rubuta rantsuwar. "Wai" da "an ce" da "da idona na gani" su ne ke nuna nisan da mai magana ya sa tsakaninsa da labarin. A rubuta har da abin da masu sauraro suka ce, wanda ya yi salati da wanda ya ce ƙarya ne da wanda ya kawo nasa makamancin. Linda Dégh, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Jami'ar Indiyana, ta dage a kan cewa almara a cikin gardama take rayuwa, mai musu ma yana cikin masu raya ta. In saƙon murya ne na WhatsApp, a ajiye shi yadda yake, a rubuta ranar da ya iso da irin zauren da ya fito.

Ke kuma kina da wata dama da yawancin maza masu bincike ba su da ita. Kina shiga gidan suna, da wajen kitso, da layin awon ciki a asibiti. Labaran da ake yi a can, na musanya jarirai, da na abin da ake cewa ana sawa a kayan kwalliya ko sinadarin miya, da na mai aikin da aka ɗauko daga ƙauye, ba sa fitowa majalisar maza. Haka direbobi da 'yan kamasho da ma'aikatan jinya da masu gadi, kowa da taskarsa.

Ina ba ki shawara ki fara da abu ɗaya da kowa ya shaida. A farkon watan Agusta 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya wayoyi suka yi ta ƙara a faɗin Najeriya: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba, a kuma sha. An ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2, wasu da dama suka kwanta asibiti. Iyayen ɗalibanki duk sun tuna daren. Kowane yaro ya tambayi mutum biyu a gida: wa ya kira ka, da ƙarfe nawa, daga wane gari, wa aka ce ya ba da umarnin, ka yi wankan ko ba ka yi ba, kai kuma wa ka kira? In aji guda ya kawo amsa, za ki ga hanyar da saƙon ya bi, kuma za ki ga cewa ƙauna ce ta ɗauke shi, domin ba wanda ya tashi maƙiyinsa ƙarfe uku na dare.

Akwai haɗari biyu da zan ja kunnenki a kansu. Na farko, tarawa na iya zama yaɗawa. Kada a liƙa labaran a allon sanarwa ko a Facebook tsirara ba bayani, kuma duk inda aka ambaci sunan wani mutum ko shago ko gida da zargin maita ko satar yara, a cire sunan daga kwafin da zai fita, a bar shi a asalin da ke hannunki kaɗai. A nemi izinin mai magana kafin a naɗi muryarsa, kuma kada a tura yaro wurin da ake cikin hayaniyar kama wani. Na biyu, kada yara su koyi raina mutane. Garkuwa da mutane gaskiya ce, masu kira cikin dare su ce su ne sarkin aljanu don su karɓi kuɗi ko katin waya su ma gaskiya ne, mutane ne 'yan damfara. Tsohuwar da ta ce kada a amsa baƙuwar lamba tana da dalilin jin tsoro, ko da labarin lambar kisa da ya tashi a 2004 ya sake dawowa a 2011 ba shi da tushe. Aikin mai tarawa ya rubuta abin da ta faɗa da mutunci, tantancewa ta zo daga baya, a shafi dabam.

In littattafan yaran sun taru, kwafi ɗaya ya zauna a ɗakin karatun makarantarku. Sauran ki tuntuɓi sashen harsunan Najeriya na jami'ar da ta fi kusa da ku, ko cibiyar nazarin harsuna da al'adu ta Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa a Kaduna. Wanda yake Nijar yana da cibiyar CELHTO a Yamai, wadda aka kafa don adana tarihin baka. A shafin farko a jera sunan kowane ɗalibi da ya tattara, da ajinsa da shekarar, kuma ki ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin ki miƙa wa kowa.